Tabarau, Kwamfuta da Sitiyari: Shawara ga Mai Son Tseren Mota a Cikin Ɗaki

Jama'a masu saurarenmu a Tasawa da Mayahi, da na Korgom, da Maijirgi, da Urafan, da Kanambakashe, da Isawan, da sauran garuruwan da muryarmu ke isa, barkanmu da war haka.

Mas'alar da za mu ɗauka a yau, ko da yake wani dattijo zai iya ganinta wasan yara ce wadda ba ta cancanci a ba ta fili a rediyo ba, mas'ala ce da dukiya mai nauyi ke shiga cikinta, domin tun da samarinmu suka fara ganin hotunan mutanen da ke zaune a ɗaki, sun rufe fuska da wani tabarau mai kauri wanda ake kira VR, suna riƙe da sitiyari suna karkata jiki sai ka ce a cikin mota suke, sha'awar abin ta shiga zukatan wasu daga cikinsu, musamman masu gidajen wasan bidiyo da 'yan kasuwar da ke kai da kawowa tsakanin Maraɗi da Kano, alhali kuwa kayan nan nau'i-nau'i ne, kuma wanda ya saya bisa jahilci, a garin da babu mai gyara, babu kuma wurin mayarwa, shi kaɗai zai ɗauki hasararsa.

Tushen hikimar wannan tabarau yana cikin ilimin gani, wanda Alhasan ɗan Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi wa hidima a littafinsa Kitabul Manaziri shekara dubu da suka wuce, inda ya tabbatar da hujja da jarrabawa cewa haske ne ke shigowa ido daga abin da ake kallo, ya kuma yi bahasi a kan yadda idanu biyu ke haɗuwa su ba mutum sura guda. Ku jarraba yanzu kuna zaune: ku ɗaga yatsa a gaban hancinku, ku rufe idon dama ku duba, sa'an nan ku buɗe shi ku rufe na hagu. Za ku ga yatsan ya gusa. Kowane ido da irin abin da yake gani, kuma daga wannan ɗan saɓani ne ƙwaƙwalwa ke ƙiyasta nisa da kusa. A 1838 wani masani ɗan Ingila, Charles Wheatstone, ya nuna cewa idan aka ba kowane ido nasa zane dabam, mutum zai ga abu mai zurfi a inda babu komai sai takarda. A 1968 Ivan Sutherland a Amurka ya haɗa wannan da kwamfuta, a wata na'ura da sai da aka rataya ƙarfen da ke bin motsin kai a rufin ɗaki. Sa'an nan a 2012 wani saurayi, Palmer Luckey, ya tara kuɗi daga jama'a domin ƙera tabaran Oculus, kamfanin Facebook ya sayi Oculus a 2014 a kan dala wajen biliyan 2, kuma a 2016 Oculus Rift da HTC Vive suka shigo kasuwa. Aikin dukkansu ɗaya ne har yau: ɗan allo a gaban kowane ido, da gilashin da ke sa ido ya iya kallon abin da ke dab da shi, da ma'aunin da ke gaya wa kwamfuta inda kai ya juya.

To, me ya sa masu tseren mota suka fi kowa ƙaunar wannan tabarau? Dalili shi ne direba da wuyansa yake tuƙi kafin hannunsa. Idan ya tunkaro kwana, kafin ya murza sitiyari ya riga ya juya kai ya dubi cikin kwanar, ya auna da ido inda zai taka birki da inda zai koma kan totur, ya saci kallon madubi ya ga ko wani na neman shiga gefensa. A allon talabijin duk wannan a shafe yake, amma a cikin tabarau sai mutum ya sunkuya ya ga allurar gudu a ƙarƙashin hancinsa, ya waiwaya ya ga ƙofar mota a kafaɗarsa, ya kuma gane tudu da gangare tun kafin ya iso su. Wasannin da ake yi wa wannan hidima, irin su Assetto Corsa na Italiya, da Automobilista 2 na Barazil, da iRacing na Amurka, da DiRT Rally 2.0 mai tseren hanyar ƙasa, an gina su ne bisa lissafin nauyin mota da kamun taya, har Max Verstappen, wanda ya sha zama zakaran duniya a tseren mota, yana shiga irin wannan gasa daga gidansa. Mu kuwa ba baƙin tseren mota ba ne gaba ɗaya, tun da motocin gasar Paris zuwa Dakar, wadda aka fara a ƙarshen 1978, sun sha ratsa Agadas da Tenere.

Amma akwai wani labari da nake so ku riƙe kafin mu ci gaba. A 2011 wani saurayi ɗan Birtaniya, Jann Mardenborough, ya ci gasar GT Academy da kamfanonin Nissan da Sony suka shirya wa masu wasan Gran Turismo, aka ɗauke shi aka sa a motar tsere ta gaske, kuma a 2013 ya zo na uku a rukuninsa a tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. A lokacin da ya koyi tuƙinsa, waɗannan tabarau ba su shigo kasuwa ba. Da allo da sitiyari ya koya.

Wannan ya kawo mu ga rukunin maganar, wato kwamfuta, wadda a ganina ita ce ke yanke hukunci a kan wane tabarau ya dace da mutum, kuma mafi yawan nadama daga nan take fitowa. Allon da muka saba da shi, mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsaye, yana ɗauke da ɗigo miliyan 2 da 'yan kai, kuma idan kwamfuta ta zana shi sau 60 a sakan guda ido ya gamsu. Shi kuwa tabarau irin Quest 3, mai ɗigo 2064 da 2208 ga kowane ido, jimillarsa ta haura miliyan 9, ana kuma bukatar a zana su wajen sau 90 a kowane sakan ba tare da tuntuɓe ba, domin da zarar hoto ya makara ga motsin kai, ciki zai fara juyawa. Wanda ke ɗaukar wannan kaya shi ne katin hoto, kuma kwamfutar ofis, ko ta tafi-da-gidanka irin wadda ɗalibai ke rubutu da ita, ba ta da shi sam, komai sabuntarta da ƙyallinta. A 2016 ma, lokacin da tabarau bai kai rabin ɗigon na yau ba, sai da aka shar'anta kati irin GTX 970 na kamfanin Nvidia. Ga tabarau na yanzu kuwa, ni ba zan ba mutum shawarar ya sauka ƙasa da RTX 3060 ba, kuma ko da shi sai ya rage wa wasan ado. Wanda ya sayi tabarau mai tsada bai mallaki irin wannan kati ba, ya sayi sirdi ne da linzami alhali babu doki a turke.

Kuma idan mai shago ya ce muku Quest ba ya bukatar kwamfuta, gaskiya ya faɗa, amma rabinta. Yana da ƙananan wasanni da yake yi shi kaɗai. Waɗancan manyan wasannin tsere da na ambata kuwa ba sa tashi a tabarau sai da kwamfuta.

Bayan kwamfuta sai wuta, kuma a nan ne shawarar mutanen Turai ba ta yi mana amfani, domin su ba su san ɗaukewar wuta ba. Katin RTX 3070 shi kaɗai yana jan wat 220, idan kuwa aka haɗa da sauran kwamfutar da allo da sitiyari mai inji a ciki, lissafin yana iya kai wa wat 400, wanda ƙaramin farantin hasken rana na cajin salula da kunna fitila ba zai ɗauka ba. Kowa a nan ya san wutar NIGELEC ta yankinmu tana shigowa ne daga Katsina ta layin Gazawa, kuma ba mu manta da abin da ya faru ba lokacin da Najeriya ta yanke ta a watan Agusta na 2023, ba ta dawo ba sai a Maris na 2024. Saboda haka akwatin da ke daidaita wuta ya kuma riƙe ta na 'yan mintoci idan an ɗauke, wajibi ne a lissafa shi cikin kuɗin tun farko. Ga kuma zafin bazara, wanda a watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, lokacin da kwamfuta ke rage gudu da kanta don kada ta ƙone, soson da ke manne da fuska kuma ya jiƙe sharkaf. Ga ƙurar hunturu mai toshe fanka. Abu guda kuwa da nake roƙon kowa ya kiyaye, shi ne kada hasken rana ya faɗa kan gilashin cikin tabarau ko na ɗan lokaci kaɗan, ko da ta taga ne, domin gilashin yana tattara hasken wuri guda ya ƙona allon, tabon kuma ba ya gyaruwa.

Sai yanzu muka iso ga tabaran kansa. 'Yan kasuwa yawan ɗigo suke fara faɗa, kuma lalle yana da muhimmanci ga mai tsere fiye da mai kowane wasa, tun da shi abin da yake nema yana can nesa, ɗan allon da ke nuna saura mita 100 a taka birki, ko motar da ke gaba wadda ba ta wuce ƙwayar gero ba a ido. Amma gilashin da ake kallon ɗigon ta cikinsa bai gaza ɗigon muhimmanci ba. Gilashi iri biyu ne a kasuwa. Akwai tsohon yayi, wanda idan ka duba shi za ka ga zobba-zobba a jikinsa, irin na Quest 2 da Quest 3S da Valve Index, kuma aibinsa shi ne tsakiyarsa kaɗai ke da tsabta, gefe kuwa dishi-dishi, har sai mutum ya juya kai gaba ɗaya kafin ya karanta abin da ke madubi. Akwai kuma sabon yayi, siriri mai santsi, irin na Quest 3 da na Pico 4, wanda hoto ke fita tas kusan daga gefe zuwa gefe, mutum ya motsa ƙwayar ido kawai kamar yadda yake yi a mota. Da za a ba ni zaɓi tsakanin ƙarin ɗigo da kyakkyawan gilashi, gilashin zan ɗauka.

Akwai wani sharaɗi da ba kasafai mai saye ke tuna shi ba, wato tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idanunsa, wadda Allah Ya halicci kowa da tasa. A manya galibi tana kewayen milimita 63, amma akwai mai ƙasa da haka, akwai mai sama. Auna ta ba wuya: mutum ya tsaya gaban madubi ya ɗora rula a kan girarsa, ya rufe idon dama ya daidaita sifili da tsakiyar ƙwayar idon hagu, sa'an nan ya rufe hagu ya buɗe dama ya karanta lambar da ta faɗa kan tsakiyar ƙwayar. Quest 2 da Quest 3S matsayi uku kawai gare su, 58 da 63 da 68, wanda idonsa ya faɗa tsakani sai ya yi haƙuri da mafi kusa. Quest 3 kuwa yana da ɗan gargare a ƙasansa da ake murzawa har a dace. Idan tazarar ba ta dace ba, ciwon kai ne ke biyo baya, mai shi kuma ya yi ta zargin wasan. Nauyi ma abin dubawa ne, domin rabin kilo da ke rataye a goshi ba ya damun mutum a minti biyar na farko, sai tsere ya yi tsawo.

Game da yadda hoto ke isowa daga kwamfuta kuwa, mazhabobi biyu ne. Valve Index na 2019, da HP Reverb G2 na 2020, da Pimax Crystal, suna karɓar hoto kai tsaye ta igiyar DisplayPort, babu ragi babu jinkiri, kuma mai tsere da yake a zaune yake, igiya ba ta dame shi da komai ba. Sai dai kwamfutar dole ta kasance tana da wannan kafa a jikin katin hotonta, kafar HDMI ba ta wadatarwa. Quest da Pico kuwa sai an matse hoton an turo shi ta igiyar USB ko ta Wi-Fi, sa'an nan tabaran ya warware shi, kuma mai kaifin ido zai lura da ɗan dusashewa a kan kwalta da ciyawa idan mota ta ɗauki gudu. Kada wannan Wi-Fi ya tsorata kowa, hoton tsakanin kwamfuta da tabarau yake yawo a cikin ɗaki, ba ya cin kuɗin intanet. Abin da ke cin kuɗi shi ne rajistar farko da sauko da wasannin, waɗanda wasunsu ke haura giga 50, da kuma iRacing, wanda ake biyan kuɗinsa wata-wata kuma ba ya yiwuwa sai da intanet mai ƙarfi. Assetto Corsa, da zarar ya sauka, ana iya yin sa ba tare da intanet ba, kuma da yake tsohon wasa ne na 2014, bai cika wahalar da kwamfuta ba. Shi ya fi dacewa da mai farawa a nan.

Gargaɗi na musamman a kan HP Reverb G2. Tabarau ne mai ɗigo 2160 da 2160 ga kowane ido, wanda masu tsere suka yi yayinsa ƙwarai, kuma yanzu ana samunsa da araha a cikin kayan gwanjo, amma arahar tana da dalili: ya dogara ne ga wata manhaja ta kamfanin Microsoft, wadda kamfanin ya sanar a ƙarshen 2023 cewa ya daina kula da ita, ya kuma cire ta daga sabon zubin Windows 11 na 2024. Masu ilimin kwamfuta suna da dabarun da suke tayar da shi, amma wanda ba shi da irin wannan malami a kusa ya nisance shi. Valve Index kuma yana bukatar wasu akwatuna da ake kafawa a kusurwar ɗaki, kowanne da tasa wutar, ɗigonsa kuma 1440 da 1600 ne kawai, zamani ya wuce shi. Pimax Crystal, mai 2880 da 2880, ya fi su duka tsabtar hoto, sai dai katin da zai ciyar da ɗigo sama da miliyan 16 shi ma tsada gare shi ƙwarai.

Hukuncina ke nan, kuma ra'ayi ne, ba nassi ba. Wanda ya riga ya mallaki kwamfuta mai kati, da sitiyari mai mayar da ƙarfi a hannu irin Logitech G29, to Quest 3 ya fi masa, wanda ya fito a Oktoba 2023 a kan dala 499, wato wajen jaka 300 na sefa kafin kuɗin hanya da na kwastan da ribar ɗan kasuwa. Idan aljihu bai kai ba, Quest 3S na 2024, wanda aka fara sayarwa dala 299, zai yi aiki, muddin ya yarda da dishi-dishin gefe. Batirinsu bai cika wuce awa 2 ba, sai a nemi igiyar da ke da kafar caji dabam, kuma da yake da kyamara suke gane motsin kai, ɗakin yana bukatar fitila. Mai gidan wasan da ke da PlayStation 5 kuwa, hanyarsa mafi sauƙi ita ce PlayStation VR2 na 2023 tare da Gran Turismo 7, babu ruwansa da kwamfuta, amma ya sani ba ya aiki da PlayStation 4. Wanda kuwa ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, ya fara da kwamfuta da sitiyari da allo, ya yi shekara yana tuƙi, tabarau ya zo daga baya.

Sauran maganar ta lafiya ce da amana. Jirin da ke kama sabon shiga yana faruwa ne saboda ido na shaida wa ƙwaƙwalwa cewa ana gudu, alhali ma'aunin daidaito da ke can cikin kunne yana shaida cewa ana zaune, shaidu biyu suka saɓa. Maganinsa a fara da minti goma, a kunna fanka tana bugun fuska, kuma da an ji zufa mai sanyi ko miyau ya taru a baki a cire nan take, kada a ce za a daure, domin dauriya ƙara shi take yi. Mai farfaɗiya ya nemi shawarar likita tukuna. Kamfanin Sony ya ce nasa ba na yaron da bai kai shekara 12 ba ne, kuma mai gidan wasa da ke karɓar kuɗin yara ya san amana ce a wuyansa. Haka nan tabaran da ke yawo daga fuska zuwa fuska hanya ce ta yaɗa ciwon ido irin afolo, sai a sa masa marufin roba mai gogewa, a goge bayan kowane mutum, gilashin kuwa da busasshen ƙyalle mai laushi kawai. Wanda ya rufe ido da kunne ba ya ganin gushewar rana, ba ya jin ladan, don haka ya sa agogo ko ya wakilta wani ya taɓa shi. Kuma tseren da 'yan wasa suka zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe, sunansa caca ko da motar ta hoto ce.

Da yake mafi yawanmu aike za mu yi, ko Kano, ko Yamai, ko wurin ɗan'uwa a ƙetare, ya kamata a tuna malamanmu na Malikiyya sun halatta cinikin abin da ba ya nan bisa siffantawa, kuma idan kaya ya zo saɓanin siffar, mai saye yana da haƙƙin mayarwa. To, a yi siffar cikakkiya, a rubuce, da sunan tabaran da lambarsa, da sabo ne ko na hannu, da abin da ke cikin kwalinsa. Wanda aka aika kuma, idan na hannu ne, kada ya biya sai ya sa shi a fuskarsa: ya haska gilashin da fitilar salula ya nemi ƙarzuwa, ya sa a buɗe farin hoto ya duba ko akwai tabo baƙi ko rawaya, wanda shi ne alamar ƙunar rana, ya girgiza igiyar a hankali ya ga ko hoto na ɗaukewa, ya tabbatar na'urorin hannu biyu da ke zuwa tare da tabaran suna nan suna aiki, domin da su ake yin saitin farko, sa'an nan ya sa mai shi ya goge asusunsa daga tabaran a gabansa kafin kuɗi su bar hannunsa.

A nan za mu dakata.